Kaciyar Mijina

Mijina mai gyaran rediyo ne a wata 'yar rumfa kusa da tashar Gwarzo, kuma jininsa ba ya tsayawa. Da waɗannan abubuwa biyu mutane suka san shi. In ya yanke ko haƙori ya fita, sai a wuni ana fama. In ya bugu a gwiwa sai ta kumbura ta yi suntum, ya yi kwanaki yana jan ƙafa. Wani likita a Kano ya ce sunan ciwon himofiliya, mu dai a gida cewa muke jinin Malam ya motsa. Akwai abu na uku da ba wanda ya sani sai ni da shi da Inna mahaifiyarsa, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan raina a ɓace. Ba a yi masa kaciya ba.

Ga yadda aka yi. Malam yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya. Da wan ya isa kaciya aka haɗa shi da sa'o'insa a wani zaure, wanzamin gidansu ya yi aikinsa. Sauran yaran suka warke suna ta cin kaji, shi kuwa jini ya ƙi tsayawa. Aka barbaɗa garin bagaruwa, aka yi rubutu, aka ce baki ne, aka ce maita ce, yaro dai ya rasu a cinyar uwarsa. Inna ba ta yarda da zancen maita ba, don tun tana budurwa ta ga ƙaninta ya tafi ta irin wannan hanya bayan an yi masa ƙaho. Ta gane abin daga tsatsonsu yake.

Da lokacin Malam ya zo, ubansa yana kudu wajen fatauci. Inna ta ce wa mutanen Gwarzo hannun wanzaminsu bai karɓe ta ba, za ta kai yaron garinsu Dugabau a yi masa a can. Da ta je Dugabau ta ce an riga an yi masa a Gwarzo, ta kawo shi ne ya sha nono ya murmure. Da za su dawo ta sa masa doguwar riga ba wando, ta koya masa tafiya yana buɗa ƙafa. Gwarzo ta ɗauka Dugabau ta yi, Dugabau ta ɗauka Gwarzo ta yi. Uban ma har ya mutu bai sani ba. Yaro ya tashi ba ya wankan tafki da yara, ba ya fitsari a gaban kowa, kuma kowa ya ɗora abin a kan rashin lafiyarsa.

Ni 'yar Durun ce ta ƙasar Kabo. An ɗaura mana aure a zamanin ostariti, lokacin da mutum zai wuni a layi don sabulu da madara ya dawo hannu biyu. Ni na ce ina son sa, don ya taɓa gyara wa babana rediyo ya ƙi karɓar komai, kuma yana da wata irin dariya ta ƙasa-ƙasa da take burge ni. An gaya mini yana da ciwon jini, na ce na ji na gani. Aka kai ni, 'yan rakiya suka watse, sai ango ya ɗauki tabarma ya shimfiɗa can bakin ƙofa. Yau haka, gobe haka. Zai yi mini hira, ya sayo mini tsire, amma ko yatsana bai taɓa ba. Na fara tunanin ko ba ya iyawa ne aka ɓoye mini, ko kuwa ni ce ban yi masa ba. Ni kuma ban iya cin abu a rai ba. Wata rana bayan azahar ya shigo ɗaukar wata waya zai koma rumfa, na tsaya a bakin ƙofa na riƙe labule.

Na ce, "Malam, yau ba inda za ka sai ka gaya mini. Mata ka auro ko 'yar tayin hira?"

Ya zauna a bakin gado kansa a ƙasa ya gaya mini komai. Ba zan yi ƙarya ba, jikina ya yi sanyi, don mun tashi muna jin cewa marar kaciya ba Musulmi ba ne. Na fita ko mayafi babu na faɗa ɗakin Inna. Tana tsince wake, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ta ce, "Ya gaya miki ke nan. To 'yar nan, ni na binne ɗaya. In za ki rufa ki rufa. In kuma za ki tona, ki fara sayo likkafani ki ajiye."

Na koma na same shi inda na bar shi. Na naɗe tabarmar nan na jefa ta bayan ƙyaure, na ce daga yau ba mai kwana a ƙasa a ɗakin nan.

To, zaman aure da mai irin wannan ciwo ba wanda zai koya maka shi. Gwaggonnina sun cika mini kunne da zancen turare da tsumi da yadda ake tarairayar miji, amma ba wadda ta gaya mini abin da zan yi in mijina ya wayi gari matsematsinsa a kumbure, ya kasa miƙe ƙafa, saboda kwanciyar da muka yi jiya. Karon farko da haka ta faru na yi kuka kamar ni na sare shi. Wani lokacin fatar wurin ce za ta ɗan tsage, ɗan tsagin da wani ko lura ba zai yi ba, mu kuwa sai mu daɗe muna danne da tsumma mai tsabta. Wani lokacin fitsarinsa ya fito ja. Ya fara tsorona, ni ma na fara tsoron kaina.

Da wani kumburin ya yi tsanani muka tafi asibiti a Kano. A zamanin nan kai za ka sayo auduga da filasta da komai, jini ma sai ka zo da mai ba ka. Likitan ya lissafa mana dokoki: ban da ƙaho, ban da tsaga, ban da allura a tsoka, ban da wasu ƙwayoyin ciwon jiki, kuma kada wuƙa ta taɓa shi ko ta wace fuska sai a asibiti da shiri. Da ya gama na daure na ce, "Likita, to zancen shimfiɗa fa?" Malam ya taka mini ƙafa. Likitan ya kalli agogonsa ya ce mu riƙa bi a hankali. Ka ji fa! Tun daga Gwarzo muka taso cikin motar da ta kusa karya masa gwiwa don a ce mana mu bi a hankali. Da gudu aka ce masa muna yi?

Da kanmu muka koya. Na gane matashi a ƙarƙashin gwiwarsa yana rage masa wahala. Na gane in ya kwanta ya bar mini ɗawainiyar, kwankwasonsa ba ya motsawa. Man kaɗanya ya raba mu da tsagewar fata. Ba cizo, ba matsa, ba garaje. In gwiwa ta tashi sai mu haƙura, in jiƙa tsumma da ruwan randa in ɗora masa, mu yi ta hira. Batun tsarki kuwa, ban ga namijin da ya kai shi ba, kullum da butarsa ta ruwan ɗumi, yana wanke ko'ina a tsanake kafin alwala. Har muka kai muna yi wa abin dariya. In ya fito da safe yana ɗingishi, abokan rumfa su ce jini ya motsa, ya dawo ya ce mini, "'Yar Durun, yau ma an yi mini jajen aikinki." Ina faɗa da babbar murya, na ji daɗin mijina. Mata da yawa masu lafiyayyun maza ba su sami rabin abin da na samu ba, don su ba a taɓa tambayarsu ko sun ji zafi ba.

Allah ya ba mu mace ta fari, sannan maza biyu. Likitan ya gaya mana 'ya'yansa maza ba za su ɗauka ba, amma macen za ta iya haifar mai irinsa. Duk da haka ranar da aka yi wa mazan kaciya ban iya cin abinci ba sai da na ga jini ya tsaya. Malam ne ya riƙe su da hannunsa, yana ce musu namiji ba ya kuka. Inna ta rasu da sirrinta a ciki, muka ci gaba da riƙo mu biyu.

Sai Shari'a ta zo Kano. Kada wani ya juya mini magana, ni ba ni da faɗa da Shari'a, na yi kabbara ranar da aka ce ta tabbata, na yi sadakar ƙosai. Faɗana da waɗanda suka kwana jahilai suka tashi malamai. Yaron da jiya yake sayar da rake, yau ya tsayar da gemu yana duba tsawon wandon ubansa. Kowane masallaci ya ɗaura lasifika, kuma wa ke gyara ta in ta lalace? Malam, kyauta, don Allah. Shi ne kuma yake jan salla a ɗan masallacin unguwarmu in liman ba ya nan, shi maƙwabta suke kira ya yanka musu kaza ko ragon suna, don an san shi da tsoron Allah.

Wata la'asar muna tsakar gida, wani matashin mai wa'azi ya hau lasifikar da Malam ya gyara a satin, ya ɗauko babin kaciya. Ya ce marar kaciya ba a bin sa salla, ba a cin yankansa, ƙazami ne, matar da take kwana da shi ta binciki aurenta. Bai san da kowa yake ba, karatunsa kawai yake zubawa, kuma ko sau ɗaya bai ce ban da mai lalura ba. Na ga Malam ya ajiye kofin da ke hannunsa. Na ce, "Rabu da shi, yaron da ko aure bai yi ba." Ya yi murmushi, amma daga ranar ya fara ƙirƙiro uzuri in an ce ya ja salla.

A wannan tsakanin muka aurar da 'yarmu ga wani jikan dangin Inna a Dugabau, ta haifi namiji. Tun ranar haihuwa na tare a can na kafa na tsare: ba mai cire wa yaron nan belu, ba mai yi masa tsaga. Belu shi ne ɗan naman nan na maƙogwaro da wanzamai suke yanke wa jarirai. Dangin uba suka ce a bari sai ranar suna a yi magana. Ranar suna mutanen Gwarzo suka cika mota suka zo, har da wanzamin gidanmu, ɗan wancan da wan Malam ya rasu a hannunsa. Shi ya biyo su ne don zumunci da rabon nama. Wanzamin Dugabau kuwa tsoho ne tukuf, tun zamanin Inna yake aiki. Suka shigo tsakar gida tare, mata cike, tsohon ya yi wa jariri aski na tsaya a kansa ina kallon askar. Da ya gama sai ya zaro ɗan ƙarfensa na belu.

Na ce, "Baba, mayar da shi zabira. Yaron nan jinin kakansa nake tsoro."

Ya ce, "Haba Hajiya, wane irin tsoro? Kakan nasa ba ga shi can a ƙofar gida ba? Kaciya sukutum aka yi masa a Gwarzo, ya mutu ne?"

Wanzamin Gwarzo ya yi dariya ya ce, "A'a Baba, kada ka ba mu aikinka. Ai a nan kuka yi masa. Tun da abin wansa ya faru ba a sake kawo wa babanmu ɗan gidan ba."

Tsohon ya ce, "Ni? Duk namijin da aka yi wa kaciya a garin nan tun ina saurayi, ta hannuna ya bi. Na tuna zuwan yaron da uwarsa sarai, cewa ta yi an gama a can."

Wata tsohuwa ta ce, "To in ba can ba, ba nan ba, a ina ke nan?" Duk suka juyo suna kallona. Na ce a asibiti aka yi, amma kowa ya san a zamanin ba mai kai yaro kaciya asibiti. Jaririn dai ba a taɓa masa belu ba, don kowa ya manta da shi. Kafin a gama rabon tuwo magana ta fita ƙofar gida, kafin motarmu ta iso Gwarzo ta riga mu isa.

Abin da mutane suka yi mana, Allah ya isa. Ba wanda ya zo ya tambaye shi gaba da gaba. In ya shiga sahu sai na kusa da shi ya ɗan matsa. Wani maƙwabci da Malam ya yanka wa ragon sunan 'ya'yansa duka, ya je yana tambayar malamai ko sai ya sake yanka. Mutanen da suka bi shi salla shekara da shekaru suka fara lissafin ramuwa. Yara suka laƙaba masa suna suna faɗa in ya wuce. Mata kuwa ni suka sa a gaba. A gidan wani biki wata ta matso tana ƙunshe dariya ta ce, "Don Allah yaya abin yake?" Na ce ta je ta tambayi ubanta, aka riƙe mu. Yayana ya taso takanas daga Durun ya zauna a zaure ya ce a duba ko auren nan yana nan, kada 'ya'ya su zama abin da za su zama. Na ce masa, "Yaya, shinkafar da ka ci a gidan nan lokacin ostariti, da kuɗin marar kaciyar aka saye ta. Ka fara amayar da ita sannan mu yi maganar aure."

Duk wannan zan iya da shi, bakina ya ishe ni. Abin da ya karya ni a cikin ɗaki ya faru. Malam ya je bayan ƙyaure ya ɗauko tabarma, ya shimfiɗa a bakin ƙofa kamar farkon aurenmu.

Na ce, "Mene ne haka?"

Ya ce, "Ba zan ƙara sa ki cikin shubuha ba. Sai na tsarkaka."

Na ce, "Ni na kawo maka ƙara? Ni da nake kwana da kai na ce kana da ƙazanta? Su waɗancan a gadonmu suke kwana?"

Ya ce, "Ki yi haƙuri, 'yar Durun."

Na yi masifa, na yi lallashi, na yi kwalliya da turare kamar amarya ina da jika. Ya kau da kai. Mutumin da na san kowace gaɓa tasa, na san inda zan taɓa da inda zan kiyaye, ya koma yana kaffa-kaffa kada zanena ya goge shi.

Na saka hijabi na tafi wurin wani dattijon malami da garin duka ake girmamawa. Na gaya masa komai ban rage ba. Ya ce, "Subhanallahi. Ai wanda ake tsoron kaciya za ta halaka shi, an ɗauke masa ita. Sallarsa tana nan, aurenku yana nan daram, kuma haramun ne ya jefa kansa ga halaka." Na ji kamar in yi guɗa. Na ce, "To Allah gafarta Malam, don Allah ka faɗi haka a lasifika ranar Juma'a, ko a wajen karatu, ba sai ka kama suna ba." Ya ja carbinsa. Ya ce wannan magana ce ta al'aura, kuma kowa zai gane da wa ake, gara a sirranta, in turo masa maigidan ya gaya masa a keɓe. Kai jama'a! Da za a ce masa ƙazami, lasifika ba ta ji kunya ba. Da za a wanke shi sai kunya ta zo. Malam ya je, an gaya masa a keɓe, ya dawo ya ce ya ji. Amma a keɓe ba a sahu ba ne, kuma na kusa da shi bai daina matsawa ba.

Na ce to mu je Kano. Likita ya ce ana iya yi, amma sai an tanadi wani maganin da ake ɗura wa masu ciwon a jijiya don jini ya daskare, kafin aiki da bayan aiki har ya warke. Ya ce a lokacin ba su da shi, samunsa sai an yi da gaske, mu jira, kuma kada mu kuskura mu je wani wuri. A mota muna dawowa na riƙe hannun Malam na ce ya rantse mini zai jira. Ya ce, "In Allah ya so." Na san wannan ba rantsuwa ba ce. Na bi duk wanzaman da na sani a Gwarzo har Kutama na ce duk wanda ya taɓa mini miji sai mun je gaban alƙali. Wanzamin gidanmu ya rantse ko da wuƙa a wuyansa ba zai yi ba, don tun ranar sunan nan ba ya iya haɗa ido da ni.

Wata ranar kasuwa Malam ya ce zai je ƙauye karɓo wata rediyo. Ya sa farar rigarsa. Ashe wani ƙauye ya nufa can inda ba a san shi ba, ya sami wani saurayin wanzami ya ce masa shi sabon musulunta ne. Ku ji fa, mutumin da ya sauke Alƙur'ani tun yana yaro, ya ja mutane salla, shi ne ya tsaya gaban yaro yana cewa yau ya shigo addini, don a yarda a yanke shi. Saurayin ya yi murna zai sami lada.

Da yamma ɗan acaɓa ya sauke shi a ƙofar gida. Yana shigowa na ga yadda yake buɗa ƙafa, irin tafiyar da Inna ta koya masa yana yaro, sai dai wannan karon ba koyi ba ne. Fuskarsa fes, yana murmushin da na daɗe ban gani ba.

Ya ce, "An gama, 'yar Durun. Kin ga ma ya tsaya. In na warke ki ƙona tabarmar nan."

Ban san lokacin da na ɗora hannu a ka ba. Na ce, "Ka kashe ni, Malam. Wa ya roƙe ka? Wa ya roƙe ka?"

Na san jininsa fiye da yadda ya san shi. Yakan yi kamar ya tsaya sannan ya dawo. Kafin magariba tsumman da aka ɗaure wurin da shi ya jiƙe da jini, na canza, ya jiƙe. Muka ɗauke shi zuwa asibiti, daga nan aka tura mu Kano. Aka ɗinke, ya ɓalle. Aka ce a kawo masu ba da jini. 'Ya'yansa suka bayar, wanzamin gidanmu ya zo yana kuka ya miƙa hannu, abokan rumfa biyu suka zo. Masu lissafin ramuwar salla kuwa ban ga ƙeyar ko ɗaya ba. Ana ƙara masa ta hannu yana fita ta ƙasa. Na zauna a gefen gadon na sa masa matashi a ƙarƙashin gwiwa yadda na saba. Ya riƙe yatsuna ya ce in yafe masa. Na ce na yafe masa komai na duniya ban da wannan, wannan kam sai mun haɗu. Ya yi 'yar dariyar nan tasa ta ƙasa-ƙasa. Bayan 'yan kwanaki ya rasu da hantsi, hannunsa a cikin nawa.

Jana'izarsa ta cika maƙil, har da masu matsawa a sahu, har da mai wa'azin. Da aka dawo daga maƙabarta yayana ya shigo ɗakin da nake zaune cikin mata, ya tsuguna ya yi mini gaisuwa. Sannan ya sassauta murya, wai zai sanyaya mini zuciya.

Ya ce, "Ki gode wa Allah. Wanda ya yi masa wanka ya fito ya shaida wa jama'a, ya ce ya gani da idonsa, da kaciyarsa ya tafi. Kowa ya yi hamdala."

Wato gawar ma sai da suka leƙa. Na miƙe tsaye da takabata na ce, "To ku je ku tono shi ya ja ku salla, tunda yanzu ya yi muku. Ni da na zauna da shi ban taɓa rasa komai a jikinsa ba, sai yau da kuka cika shi." Mata suka riƙe ni suna cewa in yi salati. Na yi salatin, amma ban janye ba, har yau kuma ban janye ba.

Jikan nan nawa na Dugabau da ciwon kakansa aka haife shi, tun yana rarrafe muka ga gwiwoyinsa suna yin shuɗi. Da ya isa kaciya aka fara tara sa'o'insa, uwarsa ta zo mini da dabara tana raɗa, wai in tafi da shi Gwarzo a ce an yi a can. Na ce Inna ta gwada wannan, na ga inda ta ƙare. Na kama hannun yaron na fita da shi ƙofar gida inda ubansa da baffanninsa da limamin garin suke zaune a kan tabarma, ko sallama ban tsaya yi ba.

Na ce, "Ku dube shi da kyau. Ba a yi masa ba, kuma ba za a yi ba sai ranar da likita ya ce ga magani a hannu. In ranar ba ta zo ba, haka zai girma, haka zai yi salla a sahunku, haka zai yi aure, kuma ni zan gaya wa matar da bakina. Wanda yake da magana ya yi ta yanzu ina tsaye."

Yaron ya ja mini zane ya ce shi fa yunwa yake ji, muka koma ciki na zuba masa ɗumame.